Daga "Da Godiya" Zuwa "Sai Dai Addu'a"

Shagona yana Fadaman Mada, tsakanin mai gyaran fanka da wata madam mai sayar da takarda da tawada. Aikina buga rubutu a kwamfuta, da fotokofi, da ɗinkin kundi. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai 'yan watannin da na yi ina koyon keken rubutu tun zamanin da ake buga shi da ƙarfin yatsa. Amma kundayen digiri na biyu da na uku da suka bi ta hannuna, in aka ɗora su kan juna, za su taɓo rufin shagon su nemi hanyar fita.

Ina da tsari, kuma duk mai zuwa wurina ya san shi. Na farko a yi sallama. Na biyu a ajiye filash a kan tebur, ba a miƙo mini ina tsakiyar yankan takarda. Na uku a faɗi abin da ake so sau ɗaya. Wanda ya shigo yana cewa sauri yake yi, sai in nuna masa benci. Ban taɓa ɗinka kundin da shafinsa na goma ya riga na tara ba, kuma ba zan fara a kan mai sauri ba.

Bencin nan na katako ne, yana ɗaukar mutum huɗu in ba masu jiki ba ne. A kansa ɗaliban bincike suke jira, kuma a kansa suke zubar da cikinsu. Wannan ya ce malamin da ke duba aikinsa ya tafi taro, babinsa na uku yana cikin but ɗin mota tun kafin azumi. Wancan ya ce an sa shi ya cire abin da aka sa shi ya saka bara. Wata ta ce ta biya kuɗin keke daga nan har Gubi, inda jami'ar take, sau uku, kowane zuwa ƙofar malamin a kulle. Ni dai ba na sa baki. Ina shafa gam, ina matse kwali, kunnena yana aikinsa.

A daminar bara waccan 'yar ƙanwata ta shigo shagon da fara'a. Malamar firamare ce, tana da yara biyu, kuma tana digiri na biyu a fannin ilimi. Shekarunta a wannan karatu sun riga sun zarce ƙa'ida: haihuwa ta ci mata wata da watanni, yajin aiki ya ci nasa, sannan aka canza mata malami aka canza mata batu. An ƙara mata lokaci na ƙarshe. Ta yi sallama, ta ajiye filash inda ake ajiyewa, don ita a hannuna ta tashi.

"Kawu, an amince da batun," in ji ta. "Zan binciki yadda ɗaliban bincike suka gamsu da zamansu a jami'a."

"Wannan ai ba sai an yi bincike ba," na ce. "Ki tambayi benci."

"Benci ba ya shiga kundi, Kawu."

Ta kawo takardar tambayoyi in buga mata. Da Turanci take. Kowace tambaya tana da akwati biyar a gabanta, daga wanda ke nufin na gamsu ƙwarai har zuwa wanda ke nufin ban gamsu ba ko kaɗan. Ana tambaya kan malami mai duba aiki, da laburare, da ofis, da abokan karatu, da sauransu. Akwatunan ba su daidaita ba, na daidaita su da kyau, kowane a ƙarƙashin ɗan'uwansa. A lokacin na ɗauka iyakar matsalar takardar ke nan.

Cikin waɗanda suka fara cikewa har da Hedimasta. Haka kowa ke kiransa, don shugaban wata makaranta ne, yana zaune a Gwallameji. Sa'ana ne, kuma ya daɗe yana digiri na uku har 'yarsa ta shiga jami'ar ta fito ta bar shi a ciki. Ran nan ya yi kusan awa guda a kan benci yana ba da labarin yadda aka dawo masa da babi na huɗu da jan biro har a bayan takarda. Yana cikin haka 'yar tawa ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar. Ya gyara tabarau, ya karanta a natse, ya bi akwatin farko daga sama har ƙasa yana yi masa alama. Ya gamsu ƙwarai da malaminsa, ya gamsu ƙwarai da laburare, ya gamsu ƙwarai da ofis. Ya miƙa mata, ya sa mata albarka, ya juyo ya ci gaba da labarin jan biro daga inda ya tsaya.

Na gani da idona, ban ce komai ba. Cike takarda ba sashena ba ne. Wannan shirun nawa shi ne kuskurena a cikin labarin, kuma na rubuta shi nan a gurbinsa.

Ta yi wajen wata biyu tana yawo da jakar takardun, ajin wannan, ofishin wancan, bakin masallaci, gindin bishiya. Sai wata Talata bayan azahar ta shigo ba sallama, ta miƙo mini jakar a hannu ina tsakiyar yanka. Daga nan na san ba lafiya.

"A zauna," na ce. "A sha ruwa. Sannan a fara daga farko."

Ta fara daga ƙarshe, na mayar da ita. Abin da ya faru shi ne ta tattara amsoshin ta kai wa Dakta, malamin da ke duba aikinta. Ya buɗe takarda ta farko, na gamsu ƙwarai. Ta biyu, na gamsu ƙwarai. Ya yi ta buɗewa har ya gaji. Sai ya cire tabarau ya ce mata shekarunsa da yawa a wannan aiki, ya san takardar da mutane suka cike, ya kuma san wadda aka cike a gindin mangwaro da biro kala uku. Ya ce ba zai sa hannu a kan wannan ba. Saura mako uku sashen ya zauna ya fitar da sunayen waɗanda za su kare kundinsu. In sunanta bai shiga ba, lokacinta ya ƙare, kuma ba wani ƙari.

"Shekarun ba su dame ni kamar kalmar ba, Kawu," in ji ta. "Maƙaryaciya ya ɗauke ni. Wallahi ko ɗaya ban cike ba."

"Na sani. Ke ko alama ba kya iya yi a tsakiyar akwati. Waɗannan duk a tsakiya suke."

Ta yi 'yar dariya da hanci a toshe. Na share tebur, muka baje takardun, na jera su goma-goma. Gaskiyar Dakta ne ta wani gefen: in ba ka san mutanen ba, sai ka rantse hannu ɗaya ne. Takarda ɗaya ce kawai ta fita daban. Mai ita ta bi akwatin ƙarshe da ƙarfi har biro ya huda takardar, ta kuma ƙara bayani a gefe. Na gane rubutun, don kullum ina ganinsa a kan kwalin takarda. Na buga bango sau biyu, wanda shi ne yadda nake kiran maƙwabciyata.

Madam ta shigo tana goge hannu. 'Yar kudu ce, ta fi shekara ashirin a Bauchi, ita ma tana digiri na biyu a fannin kasuwanci, Asabar da Asabar. Hausarta tana gudu, sai dai ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta.

"Madam, wannan taki ce?"

"Nawa ne. Yarinya ya tambaya, ni na faɗa. Akwai laifi?"

"Babu. Ke kaɗai ce ba ki gamsu ba a duk jami'ar."

Ta kalli tarin takardun, ta kalli benci, ta riƙe ƙugu. "Oga, wannan mutane da suke kuka a nan kullum? Har ni ina ba su ruwan sanyi? To wane ne ya gamsu?"

Tana rufe baki sai ga Hedimasta ya sauko daga keke, da babi na huɗu a hammata. Na bar shi ya yi sallama, muka gaisa har ƙarshe, ya zauna. Sannan na zaro takardarsa, don na san irin alamarsa, mai ƙugiya kamar ta gyaran jarrabawa.

"Ranka ya daɗe, wannan hannunka ne?"

"Hannuna ne."

"Ka gamsu ƙwarai da malaminka, Farfesa."

"To me zan ce?"

"Abin da kake ce wa benci."

Ya dube ni kamar na ce ya cire hula a kasuwa. "Malam, benci daban, takarda daban. Maganar benci iska ke kwashe ta. Mutumin da ya zaunar da ni ya koya mini abin da ban sani ba, in ɗauki biro in rubuta ban gamsu da shi ba? Da wane ido zan gaishe shi? Sannan dubi nan. Ina da lafiya, ina da aiki, Allah ya kai ni inda ubana bai taɓa jin sunansa ba. In ce ban gamsu ba ko kaɗan, ai butulci ne."

"Baba, ba wanda zai san kai ne," in ji 'yar tawa. "Babu suna."

"Ga kawunki nan ya sani."

Madam ta yi tsaki ta ce ita a garinsu in abu bai yi ba sai a ce bai yi ba, a ci abinci tare da yamma. Hedimasta ya ce shi ya sa garinsu ba a rasa hayaniya. Ta ce shi ya sa shi yake babi na huɗu tun tana amarya. Na bar su, don hankalina ya tafi wani wuri.

Kwana biyu kafin nan na je duba mai gyaran fanka, wanda ya faɗo daga tsani ya karya ƙafa. Na same shi a kwance, ƙafa a ɗaure, gumi yana keto masa. Na ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Da na fito zaure na tambayi wansa, ya ce sai a hankali. A ƙofar gida na haɗu da mai ɗori, na tambaye shi, ya kaɗa kai ya ce sai haƙuri, ƙashin ya rabu biyu. Mutum uku, ba wanda ya ce babu sauƙi, amma na koma gida na san daidai yadda ƙafar take. Ba wanda ya yi mini ƙarya. Kowa ya faɗi gaskiya da ma'aunin da muka saba.

Na juya wurin Hedimasta. Ban ɗauki takarda ba, ban ɗauki biro ba.

"Ranka ya daɗe, yaya aka ji da abokan karatu?"

"A'a, da godiya. Yaran nan su ke tura mini littattafai a waya."

"Yaya laburare?"

"To, da sauƙi. In akwai wuta."

"Yaya aka ji da ofis, wajen neman fayil?"

"Sai a hankali."

"Farfesa fa?"

Ya numfasa. "Farfesa mutumin kirki ne. Sai haƙuri."

"Yaushe ake sa ran gamawa?"

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Wannan kam sai dai addu'a."

Na dubi 'yar tawa. "Kin ji? Tambaya biyar, amsa biyar, ba wadda ta yi kama da wata. Kuma bai zagi kowa ba. Akwatunanki ne ba su jin Hausa."

Ta jawo takarda ta fara rubutu da sauri. Na ce ta dakata, ba a gina tsani sai an san wace matakala ke sama da wace. A nan gardama ta tashi, kuma ta kai mu har la'asar.

Kan ta sama ba a yi musu ba: da godiya. Ta biyu, da sauƙi. Ta ƙasa kuma kowa ya yarda sai dai addu'a ce, don wanda ya faɗe ta ya riga ya sallama wa mutane. Rigimar tana tsakanin sai a hankali da sai haƙuri. Hedimasta ya ce sai a hankali ta fi muni, don likita ke faɗarta. Madam ta ce ita duk ɗaya take jin su, duk lokacin da Bahaushe ya fara magana da "sai" ta san kayanta ba za su iso ba. Na ce a saurara. Mai cewa sai a hankali yana ganin abu yana tafiya, ko da tafiyar hawainiya ce. Mai cewa sai haƙuri abu ya tsaya, shi ne yake tafiya da zuciyarsa. Don haka a hankali ta uku, haƙuri ta huɗu. Hedimasta ya ce bai gamsu ba. Na ce to ga shi yau ya iya faɗa.

'Yar tawa ta ce a saka Alhamdulillahi a can sama, bisa da godiya. Na hana. Wannan kalma ba matakala ba ce, ita ce ƙasar da tsanin yake tsaye a kai. Wanda ya ci jarrabawa ita zai faɗa, wanda ya faɗi ma ita zai faɗa, kuma dukansu sun yi daidai. In ta shiga akwati, kowa ita zai zaɓa, mu koma gidan jiya. Sai muka sa ta a saman takardar, a buɗe da ita, don kowa ya sauke nauyin godiyarsa ga Allah tukuna, sannan ya amsa abin da ya shafi ofis.

Na kuma sauya yadda ake tambayar. Ba a cewa ka gamsu da kaza, kamar alƙali. Ana cewa yaya aka ji da kaza, kamar mai gaisuwa. Na buga da Hausa, ita ta sa Turanci a ƙasa da ƙananan haruffa don waɗanda ba su iya ba, da bayanin abin da kowace amsa ke nufi. Madam ta karanta nata bayanin ta ce da an ba ta wannan tun zuwanta Bauchi da ta huta da yawa.

Saura Dakta. 'Yar tawa ta so in raka ta. Na ƙi. Kundi yana zuwa wurina daga jami'a, ni ba na zuwa wurinsa. Ta tafi Gubi ita kaɗai da safe, ta dawo da rana tsaka, na sa ta faɗa mini bi da bi.

Ta ce ya karanta sau biyu. Sai ya kira sakatarensa ya ce, yaya aka ji da sabuwar na'urar fotokofi? Sakatare ya ce sai a hankali, ranka ya daɗe. Dakta ya duba takarda, ya sa yatsa a matakala ta uku, ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo gare ta.

"Ke fa, yaya aka ji da ni?"

"Da godiya, Dakta."

"Na ce miki maƙaryaciya makon jiya."

"Da godiya dai, Dakta."

Ta ce ya yi dariya har da tari. Ya ce tsanin yana aiki, amma ba ya aiki a gaban mai gida. Ya sa sharaɗi biyu: kada ta karɓi takarda hannu da hannu, a samu wurin da ba na jami'a ba a riƙa jefawa, kuma ta ajiye tsofaffin takardun, don su ma sakamako ne, ta rubuta dalilin da ya sa kowa ya gamsu a karon farko. Kan maganar gindin mangwaro kuwa, bai ce ta yi haƙuri ba. Ya dai ce ta gaida kawunta, ya kuma raka ta har bakin ƙofa, abin da ta ce bai taɓa yi wa ɗalibi ba.

Haka shagona ya zama rumfar zaɓe. Madam ta ba da kwalin takarda babu komai a ciki, na manne shi da gam ta ko'ina, na yanka masa baki daidai faɗin takarda, na ajiye shi a bayan labule. Na sa biro iri ɗaya guda uku, na kuma hana alama mai ƙugiya, kowa ya zana da'ira. Ni kaina ina juya baya in mutum ya shiga. 'Yar tawa ta bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya a waya tana roƙo. Wasu sun zo don ita, wasu don dama suna da fotokofi, wasu kuma, na lura, sun zo ne don an ce akwai takardar da mutum zai rubuta sai haƙuri a kan malaminsa ba tare da ya yi zunubi ba. Wani dogon mutum mai binciken ƙasar noma ya shiga bayan labule ya daɗe, ya fito yana murmushi kamar wanda aka cire wa ƙaya. Ya tambaya ko ana iya cike biyu. Na ce mutum ɗaya, takarda ɗaya.

Ana saura kwana huɗu sashen ya zauna muka fasa kwalin. Ni na jera, ita ta ƙirga. Lissafin nata ne, yana cikin kundinta, ba zan kawo shi nan ba. Abin da idona ya gani dai, da'irorin sun warwatsu kamar awaki a fili. Wurin abokan karatu godiya ta yi yawa. Wurin ilimin malamai ma haka, kuma wannan ya ba ni mamaki, don benci bai taɓa faɗa mini ba. Ashe mutanen nan suna ganin girman malamansu da gaske, ba don tsoro kaɗai suka cike akwatin farko ba. Inda haƙuri da addu'a suka taru wuri ɗaya ne: jira. Jiran a karanta babi, jiran a sa hannu, jiran a sa rana. Ba karatun ne ya gajiyar da su ba, zaman tsakanin karatu da karatu ne.

Ta rubuta babi na huɗu da na biyar a kan teburina, yaranta suna wurin matata. Na buga, na duba lambar kowane shafi, na yi ɗinkin wucin gadi mai laushin bango, wanda ake kaiwa kafin karewa. Dakta ya sa hannu ana gobe zaman sashe. Sunanta ya fito, na biyun ƙarshe.

Ranar karewa ban je ba, bisa tsarina. Na buɗe shago kamar kullum, sai dai Madam ta ce na auna kwali ɗaya sau huɗu. Wajen la'asar keke ya tsaya. Ta sauko, ta yi sallama cikakkiya, ta zauna a benci ba a ce ta zauna ba.

"Daga farko," na ce.

"Kawu, na ci."

"Wannan ƙarshe ne. Amma na ji. Yanzu daga farko."

Ta ce mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a dattijo ne, daga can yammacin ƙasar Hausa, mai magana a hankali. Ya bi babi ɗaya da biyu bai tsaya ba. Da ya iso kan tsanin sai ya ajiye biro. Ya ce ya karanta ma'aunai da yawa, bai taɓa cin karo da wannan ba. Wane masani ne ya ƙirƙiro shi?

"Na ce kawuna ne."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce a wace jami'a yake. Na ce a Fadaman Mada. Ya ce wane digiri gare shi. Na ce ba shi da ko ɗaya, shi ɗinka su yake yi."

Ta ce ɗakin ya ɗauki dariya, har Dakta ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ce aikin ya yi, kuma abin da ya fi burge shi bayanin tsofaffin takardun ne. Amma yana da gyara guda, kuma ba zai sa hannun ƙarshe ba sai an yi. A garinsu, in ji shi, sai a hankali ta fi sai haƙuri nauyi. In aka ce maras lafiya sai a hankali, to a fara kiran dangi. Don haka ta rubuta a ƙasan shafi cewa jerin matakala ta uku da ta huɗu ra'ayin mai shi ne, kuma ana iya samun saɓani.

Hedimasta yana nan a ƙarshen benci, da babi na huɗu a cinya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya dube ni, ya sake gogewa.

"Ra'ayi," na ce.

"Haka ya ce, Kawu. Layi biyu ne kawai."

"A hankali tana tafiya. Haƙuri a tsaye yake. Wannan ba ra'ayi ba ne."

"In ba a saka ba, ba zai sa hannu ba."

Washegari ta kawo layin biyu a rubuce. Na zauna na buga su da hannuna, a ƙasan shafin da tsanin yake, da ƙananan haruffa, ban rage ko waƙafi ba. Na fitar da kwafi biyar, na jera, na ɗinke, na sa baƙin bango mai kauri, na buga sunanta da ruwan zinare, na sa su a matsi suka kwana. A shafin godiya ta sa ni bayan iyayenta da mijinta, kafin Madam da Hedimasta. Na duba jerin, ban sami abin gyara ba.

Da ta zo ɗauka, ta rungume su a ƙirji kamar jariri, ta buɗe na sama daidai wannan shafin, ta karanta layin biyu a fili don Hedimasta ya ji da kyau. Sannan ta dube ni ta gefen ido.

"Kawu, yaya aka ji da gyaran?"

Ina shafa gam a bangon kundin wani. Na gama layin da na fara, na ajiye burushi a gurbinsa.

"Sai haƙuri," na ce. "Kuma ta huɗu ce."